Baƙin Tawada da Takun Labari: Tarihin Tsoro a Labaran Zane, daga Haramcin 1954 zuwa Hellboy

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban gwanar tatsuniya da dare ya san cewa ba a cika siffanta Dodo ba. Ba a ƙirga haƙoransa, ba a auna tsawonsa. Abin da gwanar take yi shi ne ta sassauta murya, ta ja numfashi, ta bar yara su saurari kukan gyare na ɗan lokaci, sannan ta ce ga shi nan ya iso bakin ƙofa. A cikin wannan jinkiri ne tsoro yake girma. Mai ba da labari ta hanyar zane a takarda ba shi da muryar da zai sassauta, ba shi da daren da zai taimake shi. Abu biyu ne kawai a hannunsa: tawada da faɗin shafi. Da su ne zai sa mai karatu ya yi sauri, da su ne kuma zai tsayar da shi cak.

Labarin zane, wanda ake kira komik, jerin hotuna ne da aka tsara cikin ƙananan murabba'ai, waɗanda a wannan muƙala za a kira su gidaje, kamar gidajen dara. Tsakanin gida da gida akwai 'yar rata fara, kuma a cikin wannan ratar ne zuciyar mai karatu take cike abin da ba a zana ba. Yawan gidajen, da girmansu, da yawan maganar da aka zuba a cikinsu, su ne suke samar da takun labari, wato saurinsa ko nawarsa.

Wannan muƙala za ta bi tarihin wannan fasaha a ƙasar Amurka, daga mujallun ban tsoro na 1950 zuwa jerin labaran Hellboy na Mike Mignola, wanda ya haɗa tsoron aljanu da fatalwa da faɗan jarumta. Abin da tarihin yake nunawa shi ne, masu zanen sun ɗauki fiye da shekara 40 kafin su gane cewa ƙarfin labarin tsoro yana cikin abin da aka rufe da baƙi da kuma lokacin da aka bar mai karatu yana jira.

Shafukan da magana ta cika

A shekarar 1947 William Gaines ya gaji kamfanin EC daga mahaifinsa, Max Gaines, wanda ya rasu a hatsarin kwalekwale. Kamfanin yana buga labaran ilimantarwa da ba sa samun kasuwa. A 1950 Gaines da editansa Al Feldstein suka juya akalarsa zuwa labaran tsoro, suka fito da mujallu uku: Tales from the Crypt da The Vault of Horror da The Haunt of Fear. Kowace fitowa tana ɗauke da gajerun labarai, kowanne bai wuce shafi 6 zuwa 8 ba, kuma kusan kullum ƙarshensa sakayya ce mai ban mamaki: azzalumi ya faɗa ramin muguntar da ya haƙa, ko gawa ta taso ta rama abin da aka yi mata.

Masu zanen EC, irin su Graham Ingels da Jack Davis da Johnny Craig, gwanaye ne na gaske. Sai dai tsarin aikin ya ɗaure musu hannu. Feldstein yakan fara rubuta maganganun a kan takardar zanen, a shata gidajen, a zuba rubutun a cikinsu, sannan a miƙa wa mai zane ya cike gurbin da ya rage. Don haka rubutu ne ke jan ragamar lokaci. Sau da yawa za ka ga bayani mai layi shida a saman gida yana faɗa maka cewa mutumin ya firgita, a ƙasa kuma ga hoton mutumin a firgice. Abu ɗaya aka faɗa sau biyu, kuma kowane gida yana cin lokaci daidai da ɗan'uwansa.

Mutum ɗaya ne ya yi wa wannan tsari tawaye sosai, wato Bernard Krigstein. A labarinsa mai suna Master Race, wanda ya fito a 1955 cikin shafi 8, ya yanyanka gidajen zuwa sirara-sirara. A wurin da wani tsohon kwamandan sansanin Nazi yake gudu har ya faɗa gaban jirgin ƙasa, Krigstein ya raba daƙiƙa ɗaya zuwa hotuna da dama marasa magana, har mai karatu ya ga zamewar ƙafa da karkatar jiki da faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna cewa hoto kaɗai yana iya miƙe lokaci kamar roba. Amma darasin ya zo a makare, domin a lokacin an riga an yanke wa labaran tsoro hukunci.

Shari'ar gefen hoto

A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya wallafa littafinsa Seduction of the Innocent, inda ya ɗora wa labaran zane alhakin lalacewar tarbiyyar matasa. A watan Afrilu na wannan shekara wani ƙaramin kwamitin Majalisar Dattawan Amurka mai binciken laifuffukan yara ya zauna a birnin New York, Gaines kuma ya je ya ba da bahasi da kansa. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga bangon mujallar Crime SuspenStories ta 22, wanda Johnny Craig ya zana: wani mutum riƙe da gatari a hannu ɗaya, da kan mace da aka sare a ɗaya hannun. Ya tambayi Gaines ko wannan ya dace. Gaines ya kare kansa da cewa bangon bai wuce gona da iri ba, tunda ba a ɗaga kan sama yadda za a ga jini yana zuba daga wuyan ba.

Amsar ta jawo masa tofin Allah tsine a jaridu, kuma ba za a ce jama'a ba su da hujja ba, domin yara ƙanana ne suke sayen waɗannan mujallu da kuɗin alewarsu. Amma ga mai nazarin fasaha akwai abin lura a cikinta. Gardamar gaba ɗaya a kan gefen hoto take, wato inda layin gida ya yanke, da abin da ya bari a waje. Gaines ya taɓa asirin sana'ar ba tare da ya iya bayyana shi ba.

Kafin shekarar ta ƙare, kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tacewa mai suna Comics Code Authority. Dokokinta sun hana sa kalmomin da ke nufin firgici da razana a sunan mujalla, sun kuma hana nuna masu shan jini, da mutanen da ke rikiɗa su zama kyarketai, da gawawwaki masu tafiya. Mujallar da ba ta da hatimin hukumar a bango, dillalai da yawa ba sa karɓar ta. Nan da nan EC ta rufe mujallunta na tsoro, daga baya abin da ya rage mata sai Mad, wadda aka mayar babbar mujalla a 1955 don haka ta fita daga ikon hukumar. Shekaru da yawa bayan haka, a 2012, wata mai bincike, Carol Tilley, ta duba takardun Wertham ta gano cewa ya sauya bayanan wasu daga cikin yaran da ya kafa hujja da su. Amma aikin gama ya riga ya gama.

Dawowar duhu

Hani bai kashe sha'awar tsoro ba, hanya kawai ya sauya mata. A 1964 kamfanin Warren ya fara buga Creepy, a 1966 kuma Eerie, a matsayin manyan mujallu marasa launi waɗanda dokar ba ta shafa ba. Rashin launi ya zama alheri a gare su. Mai zanen da ba shi da ja don nuna jini dole ya koyi aiki da inuwa da haske, kuma a nan ne baƙin tawada ya fara zama abin tsoro da kansa.

A 1971 aka sassauta dokar, aka yarda a nuna masu shan jini da masu rikiɗa matuƙar an bi salon tsofaffin littattafan adabi. Kamfanin Marvel ya fito da The Tomb of Dracula a 1972, wanda ya yi fitowa 70 har zuwa 1979. Gene Colan ne ya zana su duka, Tom Palmer ya bi mafi yawansu da tawada, Marv Wolfman kuma ya karɓi rubutun daga fitowa ta 7. Colan yana zane kamar da hayaƙi: fuskoki suna narkewa cikin hazo, gidaje suna karkacewa. A nan ne aka ɗaura auren tsoro da faɗa, domin labarin na mafarauta ne masu bin sawun Dracula, cikinsu har da Blade, wanda ya fara bayyana a fitowa ta 10 a 1973. A ɓangaren kamfanin DC kuwa, Len Wein da Bernie Wrightson sun ƙirƙiro Swamp Thing a 1971, kuma a 1984, lokacin da Alan Moore yake rubuta shi, aka fitar da fitowa ta 29 ba tare da hatimin hukumar ba.

Abin da ya ba da wannan dama sauyi ne a kasuwa. Daga shekarun 1970 an samu shaguna na musamman da ba sa sayar da komai sai labaran zane, masu sayensu kuma manya ne, ba ruwansu da hatimi. A cikin wannan yanayi Mike Richardson ya kafa kamfanin Dark Horse a jihar Oregon a 1986, inda mai zane zai iya mallakar abin da ya ƙirƙira. Duk da haka matsala ɗaya ta rage. Tsoro yana buƙatar nawa da shiru, faɗa yana buƙatar sauri da ƙara, kuma yawancin labaran da suka haɗa su biyun sukan bar faɗan ya cinye tsoron. Da zarar jarumi ya iya naushin dodo, dodon ya zama abokin dambe kawai.

Mignola da yaronsa ja

An haifi Mike Mignola a Berkeley ta jihar California a 1960. Ya fara aiki da Marvel a farkon shekarun 1980, ya yi shekara kusan goma yana zana jaruman wasu, ciki har da Gotham by Gaslight na 1989, inda aka mayar da Batman zamanin fitilar gas. Ya kuma zana labarin fim ɗin Dracula na Francis Ford Coppola na 1992. A duk tsawon wannan lokaci zanensa yana ta raguwa: layuka suna ƙaranci, baƙi yana ƙaruwa.

Hellboy ya fara bayyana cikin labari a 1993, jerin farko mai suna Seed of Destruction kuma ya fito a 1994 cikin kashi 4. Ƙagaggen labari ne da aka gina a kan almarar Turai da tsofaffin littattafan tsoro. A daren 23 ga Disamba 1944, boka Rasputin ya yi wa 'yan Nazi tsafi don kiran wani ƙarfi da zai halaka duniya, sai abin da aka kira ya ɓullo a wata rusasshiyar majami'a a Ingila: jariri ja, mai wutsiya, mai ƙaton hannun dama na dutse. Farfesa Trevor Bruttenholm ya ɗauke shi ya rene shi kamar ɗa. Da ya girma sai ya zama mai binciken al'amuran aljanu, yana goge ƙahonninsa kullum don kada su fito, domin ya ƙi ƙaddarar da aka ce an halicce shi dominta. Jigon labarin ke nan: ko asali yana da ikon tilasta wa mutum hali.

Da yake Mignola bai amince da alƙalaminsa ba tukuna, John Byrne ne ya rubuta masa maganganun jerin farko. Byrne ya cika shafukan da bayanin da Hellboy yake yi wa mai karatu game da abin da ke ransa, kamar yadda aka saba a labaran 'yan sandan ciki. Littafin ya samu lambobin yabo na Eisner a 1995, amma wanda ya karanta shi yau zai ji cewa rubutun da zanen ba a taki ɗaya suke ba: hoton yana neman shiru, rubutun yana ta magana. Daga The Wolves of Saint August, wanda Mignola ya rubuta da kansa, wannan muryar ta fara ja da baya har ta ɓace. Jarumin ya koma mai gajeriyar magana, kamar lebura a bakin aiki.

Yadda ake sarrafa lokaci

Dabarar Mignola ta farko ita ce baƙi. A shafinsa inuwa ba ta da mataki-mataki. Wuri ko dai haske ne ko baƙi ƙirin. Fuska takan zama ɗigon ido biyu da gefen haɓa, ɗaki kuma taga ɗaya da bakin teburi. Alan Moore ya taɓa siffanta salon da cewa haɗuwa ce tsakanin fasahar inuwa ta Jamus, irin ta fina-finan The Cabinet of Dr. Caligari na 1920 da Nosferatu na 1922, da ƙarfin zanen Jack Kirby. Amfanin wannan baƙi ga taku shi ne ido ba ya iya wuce shi da gudu. Mai karatu yakan tsaya ya lalubi abin da ke ciki, kuma wannan lalube lokaci ne.

Dabara ta biyu ita ce ƙananan gidajen da ba sa ciyar da labari gaba. Ana tsakiyar zance sai Mignola ya saka hoton fuskar mutum-mutumi, ko tsuntsu a kan reshe, ko ganye yana faɗuwa, ko ƙoƙon kai a kan kanta. Scott McCloud, a littafinsa Understanding Comics na 1993, ya lura cewa irin wannan kewaye da ido a wuri ɗaya ya fi yawa a labaran zanen Japan, kuma ba a saba da shi a Amurka ba. A hannun Mignola waɗannan gidaje suna aiki biyu. Suna tsayar da agogo kamar numfashin gwanar tatsuniya, suna kuma sa mai karatu ya ji cewa wurin da kansa yana kallo, cewa duwatsu da matattu shaidu ne.

Dabara ta uku ita ce gajarta faɗa. Bayan shafuka na tafiya a hankali cikin kufai, faɗan yakan zo kamar tsawa: babban gida ɗaya, naushi ɗaya, kalmar ƙara da manyan haruffa, ƙasa ta rufta, Hellboy ya faɗa rami yana tsaki. Sai shiru ya dawo. Ta haka Mignola ya warware matsalar da ta dami magabatansa. Ya ba tsoro mafi yawan shafuka, ya bar wa faɗa kaɗan, don haka naushin ba ya kawar da fargaba, hutu kawai yake bayarwa. Sau da yawa ma ba naushin ne ke kashe dodon ba. Wani tsohon alkawari ne ko wata laya ko fitowar rana.

Launi ma yana cikin lissafin. Dave Stewart, wanda ya daɗe yana yi wa jerin launi, yakan shimfiɗa launuka marasa ƙyalli, toka-toka da ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu, don jan jikin Hellboy ya zama shi ne abin da ido ke fara kamawa a kowane shafi. Idan kuma dukan shafin ya koma ja ko ruwan ɗorawa, mai karatu ya san yanayi ya sauya tun kafin ya karanta kalma ɗaya.

Babu inda waɗannan dabaru suka haɗu kamar a gajeren labarin The Corpse, wanda aka fara bugawa a 1995. Mignola ya ɗauko shi daga tatsuniyar Ailan ta Teig O'Kane. A 1959 aljanu sun musanya wata jaririya mai suna Alice, Hellboy ya tona asirin ɗan musanyar da ƙarfe, aka kuma gindaya masa sharaɗi: ya goya gawar wani mutum ya binne ta a maƙabartar Kirista kafin ketowar alfijir, sannan a mayar da yarinyar. Duk maƙabartar da ya je, matattun wurin sai su ce babu gurbi. Gawar kuma tana bayansa tana surutu tana nuna hanya. An fara buga labarin ne shafi bibbiyu a wata mujallar tallan littattafai, wanda ya tilasta wa Mignola ya sa wani abu ya faru a kowane shafi biyu. Ga agogon alfijir yana matsowa, ga maimaici irin na tatsuniya, ga ban dariya da ban tsoro a goye da juna. Shi kansa Mignola ya ɗauka aikin bai yi kyau ba lokacin da ya gama shi, amma masu karatu da yawa har yau suna ganin shi ne mafi kyawun labaran Hellboy.

Inda takun ya yi tuntuɓe

Ba za a yi wa tarihi adalci ba idan aka ce salon ba shi da rauni. Yayin da labarin yake faɗaɗa, bayanin asalin duniya da na hannun dutse ya yi ta taruwa, kuma shafi mai son shiru ba ya iya ɗaukar dogon bayani. A The Island na 2005 an ga haka ƙarara: wani matacce ya tsare Hellboy yana zayyana masa tarihin halittu shafi bayan shafi. Hotunan suna da kyau, amma labarin ya tsaya, kuma cutar EC ta dawo ta ƙofar baya, wato magana ta danne zane. Mignola ya sha wahalar wannan aiki har ya watsar da shafukan da ya riga ya zana ya sake sabo. Bayan haka ya ajiye zanen babban labarin, ya riƙe rubutu kawai.

Duncan Fegredo, ɗan Ingila, shi ya karɓa, daga Darkness Calls na 2007 zuwa The Wild Hunt da The Storm and the Fury, wanda ya ƙare a 2011 da mutuwar Hellboy. Fegredo ya riƙe baƙin Mignola amma ya ƙara tarkace da motsi: kowane ganye, kowace tsatsar sulke. Faɗan Hellboy da Koshchei marar mutuwa, na almarar Rasha, ya ɗauki shafuka masu yawa, abin da Mignola ba ya yi. Wannan ya dace da labarin yaƙi da rundunoni, sai dai an biya farashi, domin idon da aka ba abubuwa da yawa ya kalla ba ya samun duhun da zai cike da nasa tsoron.

Richard Corben kuwa, tsohon mai zanen mujallun Warren, ya zo da wata hanya dabam. A Makoma na 2006, wanda aka gina a kan wata tatsuniyar Afirka da Andrew Lang ya tattara, da The Crooked Man na 2008, wanda ya faru a duwatsun Appalachia a 1958, Corben ya zana jiki mai nauyi da laushi kamar na yumɓu, fuskoki masu murmushin da ke tayar da tsikar jiki. Tsoronsa na abin da aka gani ne da kyau, kuma ya yi tasiri ƙwarai. Wannan hujja ce cewa ɓoyewa ba ita kaɗai ce hanya ba. Amma ko a nan, rubutun Mignola ya ci gaba da jinkirta bayyanar mugun har sai an gaji da jira.

Shiru na ƙarshe

A Disamba 2012 Mignola ya koma kan teburin zane da Hellboy in Hell, wanda ya yi fitowa 10 ya ƙare a 2016. Mai karatu zai zaci ganin wuta da rundunonin shaiɗanu. Abin da ya tarar shi ne tsohon gari mai karkatattun gidaje, tituna babu kowa, da 'yan tsana suna wasan kwaikwayon labarin Kirsimeti na Charles Dickens. Zanen ya ƙara raguwa har wasu gidajen ba su wuce siffofi biyu ko uku a kan baƙi ba. Babban yaƙin ƙarshe ma ba a bi shi naushi bayan naushi ba. Wani aljani da ya gani da idonsa ne yake ba kakarsa labari. Shafukan ƙarshe kusan babu magana a cikinsu: jarumin yana tafiya a bakin teku, ya shiga wani gida, ya zauna. Jerin da ya fara da muryar da ba ta yin shiru ya ƙare da mutum shi kaɗai a ɗaki.

Hukumar tacewar nan kuwa ta riga ta mutu a 2011, bayan Marvel ta fice a 2001, DC da Archie suka bi baya shekara goma bayan haka. Wato a lokacin da aka ba masu zane damar nuna duk abin da suke so, wanda ya fi kowa tasiri a fagen tsoro ya zaɓi ya rage abin da yake nunawa. Dokar 1954 ta hana nunawa don tsoron abin da hoto zai yi wa yara, sakamakonta kuma shekaru ne na labarai marasa gishiri. Mignola ya ɓoye ne don ya san abin da duhu zai yi wa mai karatu. Kamewar da aka tilasta da kamewar da gwani ya zaɓa suna kama da juna a ido, amma 'ya'yansu ba ɗaya ba ne.

Kammalawa

Na fara karanta Hellboy a fuskar waya, gida ɗaya bayan ɗaya, ina ja da yatsa, kuma na ɗauka labari ne mai sauƙi da ake gamawa cikin minti goma. Sai da na riƙe littafin a hannu na ga shafi biyu a buɗe lokaci guda, na ga yadda aka ajiye abin firgici a bayan shafi don kada ido ya riga hannu isa gare shi, sannan na gane cewa rabin aikin ya wuce ni. Wannan shi ne abin da ke cikin haɗari a yau, domin mafi yawan matasan da za su haɗu da labarin zane a waya za su haɗu da shi, inda shafi ba ya juyawa. Masu zane na wannan zamani dole su nemo sabuwar hanyar sa mutum ya jira, kamar yadda Krigstein ya nemo tasa a cikin shafi 8.

Ga matashin da yake son ya zana Dodo ko 'yan ruwa ko mayu daga tatsuniyoyinmu, tarihin nan yana da amfani kai tsaye. Mignola bai ƙirƙiro yawancin dodanninsa ba. Daga bakin tsofaffin Ailan da Rasha da Japan ya ɗebo su, ya kuma riƙe takunsu na asali, da maimaicinsu, da sharuɗɗansu, da alfijir ɗin da ke kore su. Abin da ya ƙara shi ne sanin inda zai zuba tawada ya rufe, da inda zai tsayar da mai karatu gaban tsuntsu a kan reshe. Wannan ilimi yana nan a wurin kowace kaka da ta san lokacin da za ta yi shiru kafin Dodo ya ƙwanƙwasa ƙofa. Abin da ya rage shi ne a koyi sauke shi a takarda.